Ta'aziyyar waya ta ishi iyayen da suka binne ɗa a cikin kulle? (Muhawarar da aka yi a lokacin kullen korona na 2020)

Alhaji Ɗanjuma: Salamu alaikum jama'a. Ga magana ku auna. Tun 30 ga Maris na 2020 da aka kulle Abuja saboda cutar korona ake kukan an hana zaman makoki. Ni a ganina kullen sauƙi ya kawo wa masu rashi. A da, uban da ya binne ɗansa da safe, da yamma yana neman kuɗin rumfa da kujeru da buhun shinkafa saboda baƙi. Yanzu a kira shi, a yi addu'a, shi ke nan. Waya ta wadatar.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Ta fuskar hukunci, Alhaji, ba ka kauce ba. Ta'aziyya lallashi ce da addu'a, ba a sharɗanta mata tabarma ba. Makoki kwana uku ne, in ban da wadda mijinta ya rasu, ita ce mai takabar wata huɗu da kwana goma. Sai dai ka ɗauki rabi ka bar rabi. Da Ja'afar ya yi shahada, Annabi (SAW) umarni ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya same su. Mu muka juya lamarin, masu rashi suka koma ciyar da baƙi. Waya tana kai addu'a, ba ta kai tuwo.

Dakta Asma'u: Allah gafarta Malam, har addu'ar ma yadda muke kai ta da gyara. Kwana ukun farko waya ba ta hutawa, kowa kuma tambayarsa ɗaya: me ya same shi? Uwa ta maimaita labarin numfashin ɗanta na ƙarshe sau talatin a wuni. Rana ta huɗu tsit, kamar an ɗauke ruwa. A nan aikin yake. Ranar uwa a kan yaro take a tsare: lokacin wankansa, lokacin kokonsa, lokacin da yake barci ta samu ta yi wanki. Duk sa'ar da ta zagayo sai ta tarar da wurin fayau. Uban kuma, wanda masallaci da majalisa da kasuwa suke rage masa zafi, duk an rufe masa su. Su biyu a ɗaki ɗaya a Nyanya ko Gwagwa, shi ya yi shiru ta ɗauka bai damu ba, ita tana kuka ya ɗauka ba ta sallama wa ƙaddara ba. Mahaifiyarta da za ta zo ta zauna da ita tana Zariya, an hana ƙetare iyakar jiha.

Sista Rifkatu: Likita, in ƙara abin da ba a faɗa a waya, musamman in namiji ne ya kira. Idan jariri mai shan mama ne ya rasu, jiki bai san an yi rashi ba. Nono zai cika, ya yi tauri, ya yi zafi. Ta sa rigar mama mai riƙewa dare da rana, ba ɗaurin zani mai matsewa ba. Ta ɗora tsumma mai sanyi kamar minti goma sha biyar, sau da yawa a wuni. In ya cika har ta kasa jurewa, ta tatse kaɗan da hannu, daidai ta samu sauƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tatse tas ko a yi ta gasawa da ruwan zafi, sai jiki ya ɗauka ana sha, ya ƙara kawowa. Farasitamol yana rage ciwon. In gefe guda ya yi ja, ga zazzaɓi da rawar sanyi, asibiti za a je, ko da kulle. Wa zai lura da wannan in ba macen da ta shiga ɗakin ba?

Alhaji Ɗanjuma: Sista, na ji. Amma wace ƙofa kuke buɗewa? Mun ga cunkoson da aka yi a maƙabartar Gudu ranar 18 ga Afrilu wajen jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa da korona ta yi ajalinsa, mun ga surutun da ya biyo baya. Mutanenmu in ka ce mutum ɗaya ya shiga, goma za su zo. A je gaisuwar mutuwa a kwaso wata?

Hajiya Binta: Ranka ya daɗe, ba taro ake nema ba, tsari ake nema. Mace ɗaya tak, maƙwabciya, mai ƙarancin shekaru, wadda ba ta da ciwon suga ko hawan jini ko asma. Ita kaɗai ke shiga, da takunkumi, a zauna a tsakar gida ko a buɗe tagogi, tazarar mita biyu. Abinci kuma a raba wa gidaje bakwai, kowane gida rana guda a mako, a ajiye kula a bakin ƙofa. Kada a ce "in kina buƙatar wani abu ki faɗa", ba za ta faɗa ba. A ce gobe da azahar miyar kuka na zuwa. A duba ruwa, gas ko gawayi, da katin wuta. Waya ma a raba ta: mutum ɗaya a gidan ya riƙa amsawa, sauran dangi kowa da ranarsa har a wuce arba'in.

Malam Habibu: Banda sadakar arba'in, Hajiya, wannan wata muhawarar ce.

Hajiya Binta: Kira na ce, Malam, ban ce a dafa waina ba. Sannan kayan yaron a kwashe su da wuri, kada ta yi ta gani.

Dakta Asma'u: A nan mun rabu, Hajiya. Kada a taɓa ko takalminsa sai da izininta. Wadda ta fito wanka ta tarar an share ɗakin, rashi na biyu aka yi mata. Haka hotonsa, kada kowa ya ɗora a WhatsApp bai tambayi iyayen ba. Kuma a daina aika yaro kemis ya sayo mata maganin barci. Diazepam yana kama jiki, tiramadol ya fi shi muni, kodin kuwa ba banza gwamnati ta hana maganin tarinsa a 2018 ba. Rashin barci da rashin cin abinci a makonnin farko ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne kwana biyu ko ruwa ba ta sha ba, ko ta daina kula da sauran yaran, ko ɗayansu ya fara cewa gara ya bi shi. Wannan a ranar ake neman likita. Uban ma a sa masa ido, shi ba wanda ke tambayarsa ya ya kwana.

Malam Habibu: Masu ce mata kuka rashin tawakkali ne su ma su yi hattara. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yaga tufafi aka hana.

Alhaji Ɗanjuma: Abinci a bakin ƙofa na yarda. Shiga ɗakin ne har yanzu ban gamsu ba. In a gidan akwai mai tari fa?

Sista Rifkatu: To a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a yi gwajin korona, maƙwabciyar ta tsaya daga taga har kwana goma sha huɗu su cika. Kuma tun da aka sassauta kullen ranar 4 ga Mayun 2020, dokar hana fita ƙarfe takwas na dare take farawa, saboda haka mai kai tuwon dare ya kai kafin magariba.