Kare mai gajeren hanci, kilo 11: ina zai zauna a jirgi?

Jama'a, don Allah masu sani a taimaka. Kare ne irin bulldog na Faransa, nauyinsa kilo 11. Kamfanonin jiragen sama na Lufthansa da KLM ba sa barin kare ya shiga wajen fasinjoji sai idan shi da jakarsa ba su wuce kilo 8 ba, jakar kuma ta shige ƙarƙashin kujera. Wajen kayan fasinja kuma sun hana irinsa, don hancinsa a matse yake, zafi da firgita kan toshe masa numfashi. Maganin barci bai dace ba, yana ƙara danne numfashin. An riga an yi masa allurar haukar kare.

Akwai kamfanin da ke yarda a saya masa kujera? Ko dole sai ta jirgin kaya?