Ostirakod daga Kalambaina: jinas ɗaya ne ko biyu?

Ɗalibar Jiyoloji:
Assalamu alaikum malamai. Ina da samfuri daga shimfiɗar dutsen Kalambaina ta ƙasar Sakkwato, wadda ake haƙar dutsen siminti a cikinta. Na tsinci ostirakod, 'yan halittun ruwan nan dangin jatan lande masu ɓawo biyu, ko milimita 1 ba su kai ba. Adonsu ɗaya, amma wasu dogaye ne, wasu gajeru. In raba su jinas biyu, wato rukuni biyu na nau'o'i makusanta?

Mai Rariya:
Wa alaikumus salam. Dakata tukuna, malama. A Cytheroidea, wani babban dangin ostirakod, namiji yakan fi tsawo da siranta, mace ta fi gajarta da tudu. Ga kuma saɓa: yawancinsu sau 8 suke yi kafin su balaga, kowace saɓa ta bar ɓawonta cikin laka. Ki auna tsawon kowane ɓawo daga gaba zuwa baya da tsayinsa daga sama zuwa ƙasa, ki zana a jadawali, za ki ga sun taru gungu-gungu. Gungun ƙarshe ne baligai, da su kaɗai ake hukunci. Mahaɗar ɓawon yaro ba ta gama haƙora ba, sai ta kai ki wani jinas daban.

Dattijon Lab:
Gaskiyar malam. Ni dai wankin na fi ji, don nan ake ɓata aiki. Busar da giram 100 na samfurin, jiƙa cikin haidirojin feroksaid mai ruwa-ruwa, kamar kashi 5 cikin 100, a tace da rariya mai ƙananan huji na maikuron 63, a shanya da zafin da bai wuce digiri 50 ba. Kada asid ya kusanci wurin, ɓawon na kalsait ne, ma'adinin dutsen siminti, narkewa zai yi. Ki nemi sashe mai taushi na shimfiɗar. Dutse mai tauri ba ya sakin ɓawo lafiya.

Sannan da jiƙaƙƙen burushi ki birkice ɓawon da ya rabu da ɗan'uwansa, ki ɗiga giliserin, ki haska ta ƙasa. In kika ga tabon tsoka (inda tsoka ta manne a cikin ɓawo) huɗu a jere tsaye, Cytheroidea ke nan. Jeri biyu kamar gashin tsuntsu, ɓawon dama ya fi na hagu girma, ki duba jinas ɗin Cytherella. Wanda ke rufe ruf cike da laka, ajiye shi gefe.

Mai Rariya:
Ƙari kaɗan, 'yar'uwa. Kalambaina ta zamanin Faliyosin ce, tsakanin shekara miliyan 66 da 56 da suka wuce, lokacin da teku ta ratso Sahara ta malale ƙasar Sakkwato. Don haka ki gwada da abin da aka samu a Mali da Nijar, da aikin masanin ostirakod Richard Reyment na 1981 kan wannan shimfiɗa. In sun yi kama amma ba tabbas, rubuta "cf." kafin sunan. Sabon jinas kuwa, tun bayan 1930 dokar sunayen dabbobi ba ta karɓarsa sai an ayyana nau'in da ya tsaya a kansa.

Ɗalibar Jiyoloji:
Na gode, Allah shi saka. Ɓawo nawa ya kamata in auna kafin gungun su fito sarai?