An canza wa ƙanina magani sau biyu, muryoyin suna nan kuma mantuwa ta ƙaru

Yayar Gida, Tudun Wada Gombe:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina likita ya ce sikizofireniya, wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, ke damunsa, an fara masa haloperidol daga baya aka koma olanzapine, kullum Mama ce ke ba shi da hannunta, amma har yanzu yana jin ana masa magana a kunne, ga shi in ka aike shi shago sai ya manta abin da ka ce ya sayo, yaron da ke da kaifin kai a makaranta. Maganin ne ke daskarar masa da tunani ko ciwon ne? Baffanmu na cewa a bar ƙwayoyin a koma ruƙiya kawai.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Don Allah kar ku tsayar da maganin lokaci ɗaya, addu'a da magani ba sa karo. Magungunan nan aikin wani sinadari da ake kira dopamine suke tarewa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa suka fi tasiri kan muryoyi da zargin mutane, amma mantuwa da rashin tattara hankali yawanci daga ciwon kansa ne kuma magani bai cika gyara su ba. Duba katinsa ko an haɗa masa da Artane, ana bayarwa saboda sandarewar jiki amma yana ƙara mantuwa, likita zai iya ragewa.

In an gwada iri biyu, kowanne aƙalla sati 6 da cikakken adadi kuma ba sauƙi, shi ne ake cewa ciwon ya bijire, kusan mutum ɗaya cikin uku haka suke. Nan ne ake maganar wani magani da ake kira clozapine. Ku tambayi likitan ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Abban Yara, Kumo:
Yayana a kan clozapine yake, muryoyin sun ragu sosai har ya koma zama a shago. Amma Hajiya ku shirya, akwai gwajin jini duk sati a watannin farko saboda yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, kuɗin gwajin da na mota sun fi maganin wahalar da mu wallahi. Ga barci, ga miyau da ke jiƙa filo da dare, ga ƙiba. Taurin bayan gida kuma kar ku raina shi.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Haka ne Abban Yara. In mutum yana kan clozapine, zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, asibiti ranar. In ya tsallake fiye da kwana biyu ba a ci gaba daga inda aka tsaya, daga ƙaramin adadi ake sake farawa. Yana shan taba? Ku faɗa wa likita, tana rage ƙarfin maganin a jini.

Yayar Gida:
Yana sha a ɓoye. Na gode ƙwarai, Artane ɗin yana cikin katin, ranar kilinik zan raka Mama da kaina.