Taƙaitawa: abin da shugaban aiki zai koya daga kociyoyin ƙwallo

An yi muhawara kan darussan da shugaban aiki zai ɗauka daga kociyoyin ƙwallo. Ga abin da na tsinta daga muhawarar:

1. Kusan kowa ya yarda cewa babu wanda ya fi ƙungiya girma. Ferguson, kocin Manchester United na lokacin, ya sayar da shahararren ɗan wasansa Beckham a 2003, Manchester United ba ta rushe ba.

2. A fara duba na gida. Keshi, kocin Najeriya na lokacin, ya amince da Sunday Mba, ɗan wasan cikin gida, shi ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya kofin Afirka a 2013. Da yawa suka ce ƙaramin ma'aikaci ma a gwada shi da babban aiki.

3. Nan aka rabu: tsawa ko lallashi? Wasu suna bayan Ferguson mai tsawa, wasu koci Ancelotti mai lallashi, mai kofin Zakarun Turai 5. Ni dai lallashi na zaɓa, don ma'aikacin ofis ba albashin ɗan wasa yake ɗauka ba balle ya jure tsawa.