Wane suna za mu ba "Une seule santé" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassara a gidajen rediyon Tawa da Yamai, mu tsai da magana. Sanarwar likitoci ta yi ta zuwa da "Une seule santé", abin da masu Ingilishi ke kira "One Health", wato a kula da lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli tare, kowa na juya ta yadda ya ga dama. Tun 2022 hukumomin duniya huɗu ke tafiyar da ita tare: OMS ta lafiya, FAO ta abinci da noma, OMSA ta dabbobi da PNUE ta muhalli. Ba za ta bar bakinmu da wuri ba.

2/ Mu a jihar Tawa mun ga abin da idonmu. A damanar 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a Cintabaraden da Tasara. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da shi a watan Satumba, mutum fiye da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya. Ruwan sama ya kwanta a tabkuna, sauro ya yi yawa, ya ciji bisashe, tumaki da shanu suka shiga ɓari. Mutum kuwa yakan ɗauka ne wajen yanka da fiɗa, ko taɓa ɗan da dabba ta zubar, ko shan ɗanyen nono. Ɓarin garke shi ne gargaɗin farko, amma a kunnen malamin dabbobi yake faɗawa, likitan mutane sai an kawo masa majinyaci. Kalmar da muke nema dole ta sa mutanen nan biyu, da ma'aikacin gandun daji, su ji da su ake.

3/ "Lafiya ɗaya" aka fi ji. Ba na son ta. In ka ce wa Bahaushe "lafiyarsu ɗaya", abin da zai fahimta shi ne jikinsu daidai yake, babu wanda ya fi wani sauƙi.

4/ Hajiya, na ga shawararki ta "lafiyar tarayya". Ma'anar ta yi, Allah ya saka. Sai dai ana jin mu har Illela da Sakkwato, can kuwa tarayya gwamnatin Abuja ce. Sai a zaci wani asibiti ne nata.

5/ "Lafiyar gama-gari" ta tsaya kan mutane, babu raƙumi babu tabki a ciki.

6/ Ni na tsaya kan "lafiyar haɗaka". Haɗaka abu ne da kowa ya zuba nasa, kuma in ya ɓaci kowa ya yi asara, kamar rijiyar makiyaya da mutum da garke ke sha. Ta kuma ɗauki ɓangaren aiki, wato ma'aikatu su haɗa hannu, su riƙa ba juna labari da wuri. A farkon shiri a faɗe ta cikakkiya, "lafiyar haɗaka ta mutum, dabba da muhalli", daga nan a taƙaita. Mutanen Adar su ce lahiya, ba laifi.

7/ Ƙanena ya tambayi yadda za a ce "zoonose", wato cutar da mutum ke ɗauka daga dabba. Da yawa suna da sunansu tun kaka da kakanni: haukar kare, ciwon saifa, bakkale mai sa shanu ɓari. Murar tsuntsaye ce sabuwa, wadda ta shigo mana ta Magariya a 2006. Sunan da ya tara su ne babu, alhali kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam daga dabbobi suke. Ga tawa: "tsallakau", a kan awon sanƙarau, cutar da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Malam, kai da ke zama da mahauta da dillalan kasuwar Abalak, gwada ta a kunnensu. In sun yi dariya, mu koma ga "cutar dabba mai kama mutum", doguwa ce amma ba ta ɓad da kowa.