Magarya magarya ce, ko akwai bambanci?

Ɗan Asawase: Salamu alaikum. Na sayi garin magarya a unguwar Aboabo nan Kumasi don wankan gawa, wani dattijo ya shinshina ya ce magaryar kura aka ba ni. Ni a ganina magarya magarya ce. Ko ba haka ba?

Mai Ganye: A'a ɗana. Shekaruna nawa ina sauke buhunan ganye daga Bawku can arewacin Ghana, don nan Kumasi damshi ya yi wa magarya yawa. Juya ganyen magarya ta gaske, za ka ga bayansa fari-fari da ɗan gashi. Na magaryar kura ya fi faɗi, yana sheƙi, kore gaba da baya. 'Ya'yanta ba daɗi, yara ma ba sa tsinta. A ƙaya kam sun yi kama, kowacce ƙayarta bibbiyu ce, ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe.

Ɗan Asawase: To Baba, me ya kawo kura ciki? Ita ke ci?

Hajiya: Haka muke suna. Abin da ya yi kama da na ci amma ba ya ciwuwa, sai a jingina wa kura. Ba ka san albasar kura ba?

Ɗalibi: Ku gafarce ni iyayena. Abin da hadisi ya ce a yi wanka da shi sidir ne, kuma itacen da Larabawa ke kira sidir a ƙasarsu ya fi kusa da kurnarmu. Masana tsirrai suna sa su ukun a dangi ɗaya, Ziziphus, amma kowanne jinsinsa daban.

Malam: Yaro, a hankali. Sidratul Muntaha ta cikin Suratun Najmi, aya ta 14, malamanmu tun kaka da kakanni magaryar tuƙewa suke cewa a tafsiri. Ka taɓa jin kurnar tuƙewa?

Ɗalibi: Ban taɓa ji ba Malam. Amma fassara daban, itacen daban.

Malam: Manufar tsafta ce. Ganyen da aka daka ya yi kumfa ya wanke jiki, ya wadatar. In babu ma, sabulu na tsayawa.

Ɗan Asawase: Kenan nawa ya yi?

Mai Ganye: Wankan ya yi, tunda Malam ya faɗa. Amma kuɗin magarya ka biya. In an riga an daka, ni kaina sai na yi da gaske nake ganewa. Gobe ka ce a ba ka ganyen da ba a daka ba.

Hajiya: Kurnar fa Alhaji, kana kawowa?

Mai Ganye: Sai an yi sautu. Ba mai tambaya.