Wa ya buɗe wa Hitila da Musolini ƙofa?

Kawu Na-Damagaram:
Salamu alaikum. Tambayar yau: me ya haifi 'yan kama-karya a Turai tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu? Amsa-amo "ya" ne. Ga nawa.

A 1919, bayan yaƙi, aka zauna a Barsai ta Faransa,
Aka ce wa Jamus laifinki ne, ki biya.
Mak, kuɗin Jamus, biliyan 132 na zinare,
Daga baya aka yanka mata na diyya.
Soja dubu 100 kawai aka bar mata,
Yankin Alsas ya koma hannun Faransa gaba ɗaya.
Wanda aka kunyata a bainar jama'a,
Ramuwar gayya yake kwana da ita a zuciya.

Yaya Binta:
Kawu, sannu da baiti, amma dakata,
Ciki ne ya yi magana kafin zuciya.
A 1923 mak ta koma takardar banza,
Ana tura kuɗi a baro don cefanen miya.
Tsohuwar da ta yi tanadin shekaru,
Ta wayi gari bai sayen burodi ɗaya.
A 1929 kasuwar Amurka ta rushe,
Masu bashi suka ce a maido da dukiya.
Mutum miliyan 6 suka rasa aikin yi,
Hitila na ihu wai Yahudawa ne maƙiya.
Ƙuri'arsa a 1928 ba ta kai kashi 3 ba,
A Yulin 1932 kashi 37, kun jiya.

Ɗan Autan Gwarzo:
Amurka ma ta sha wannan yunwa,
Me ya hana ta naɗa ɗan kama-karya?
Italiya kuwa tana cikin masu nasara,
Tun 1922 ta faɗa hannun Musolini, ina hujjar Kawu da Yaya?

Malam Mai Alli:
Allah ya yi maka albarka, Auta, ka taɓo wurin,
Tsoron gurguzu ne ya kama masu dukiya.
Ma'aikatan Italiya sun mamaye masana'antu a 1920,
Masu gonaki suka ɗauki 'yan baƙar riga, 'yan daban Musolini, haya.
Aka kai wa Sarki Emanuwel dokar ta-ɓaci,
Ya ƙi sa hannu, ga soja a shirye a Italiya.
Musolini bai ci birnin Rum da yaƙi ba,
Jirgin ƙasa ya hau daga Milan, yana kwanciya.
A Jamus ma, Nuwamban 1932,
Ƙuri'ar Hitila ta soma ja da baya.
Sai Papen, tsohon shugaban gwamnati, ya lallaɓa tsoho Hindenbag, shugaban ƙasa:
A ba Hitila kujerar gwamnati, mu riƙe akala ta baya.
Ran 30 ga Janairun 1933 aka rantsar da shi,
An ba kura kiwo, ana tafi da dariya.
Fabrairu wuta ta ci majalisa,
Maris ya karɓe ikon yin doka shi ɗaya.

Yaya Binta:
Malam, na ji, manya ne suka zare sakata,
Amma wa ya kawo shi bakin ƙofar tun asali, faɗi gaskiya?
Da kashi 3 ɗin nan ya tsaya a kai,
Ko gaisuwarsa Papen ba zai amsa ba a kan hanya.

Kawu Na-Damagaram:
Binta da Malam, ku ajiye sanda haka,
Ga Stalin can, ba sarkin da ya miƙa masa ko ɗaya.
Lenin shugaban Rasha ya mutu a 1924, Stalin ya bi ta ofishin jam'iyya,
Auta, kai za ka buɗe mana nasa da safiya.